Tsumman Goge Hannu

Shekaru da dama ni ke riƙe da makullin ɗakin da ke gindin antene, dogon ƙarfen sadarwar waya, a Matameye. A ciki akwai akwatunan ƙarfe a jere, kowane da aikinsa: wannan ke haɗa kira, wancan ke kai saƙo, na ƙasa ke gadin hanya. Na san su kamar yadda mai kiwo ya san awakinsa. Wanda ba shi da lafiya, da tafin hannu nake gane zafinsa.

Mutanen garinmu, in rezo ya ɗauke, waya ta daina shiga, ƙofar gidana suke zuwa. Sai an gaisa, an tambayi iyali, kana a ce, "Mai antene, abin naka ya tafi." In hau moto, babur ɗina, in je in gyara. Ina jin daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Sai kamfani ya sake tsari. Aka kwashe akwatunan, aka bar guda ɗaya. Aikin da kowane ke yi ya koma lojisiyel, wato manhaja, yana gudana cikin manyan ordinatoci, kwamfutocin kamfani, a Yamai. Injiniyan da ya zo ya ce yanzu in ana son sabon akwati ba a ɗoro shi a mota, daga kan kujera ake kunna shi. Kuma gaskiyarsa, rezo ya fi zama. Ni kuwa aikina ya koma shara da duba man grup, injin ba da wuta.

Ban faɗa wa kowa ba, kunya ta hana ni. In rezo ya yanke sai in hau moto kamar da, in rufe ƙofa, in zauna kan bokiti ina jira. In ya dawo, in fito ina goge hannu da tsumma, ana yi mini sannu da aiki.

Wata ranar kasuwa, Alhaji maƙwabcina, mai fataucin wake, yana jiran kiran direbansa daga Ɗan Barto, rezo ya ɗauke. Ya ƙi jira a gida, ya ɗare bayan moto. Ban san yadda zan hana dattijo ba. Ya shiga ɗakin, ya dubi wayam ɗin bango.

"Ina injinan?"

"Suna Yamai, Alhaji."

"To kai me kake gyarawa?"

"Ba komai. Jira nake, kamar ku."

Na ba shi bokitin ya zauna, ni na tsaya, har wayarsa ta yi ƙara. Da ya gama magana da direba, muka ji muryoyi a waje, 'yan kasuwa sun taru. Ya ɗauki tsumman ya miƙo mini.

"Goge hannunka, mutane na jira."

Rufin asiri ya yi mini, na sani, kuma ya fi faɗa zafi. Na karɓa, na riƙe shi jim kaɗan. Sai na rataye shi a ƙusa, na buɗe ƙofar gaba ɗaya yadda kowa zai ga ciki.