Tokar da Gara Ta Kusa Hana Mu

Ko zan manta komai na aikin coci, ba zan manta Talatar nan ta jajibirin Larabar Toka ba. Lokacin ni ce mai kula da ɗakin kayan cocinmu a Jalingo, aikin da kowa ya guje wa, aka jibga mini don bakina bai iya a'a ba.

Tokar da Fada, limamin cocinmu, ke shafa wa mutane a goshi ranar fara azumi ba tokar murhu ba ce. Ganyen da aka sa wa albarka bara, ranar Lahadin Dabino, shi ake ƙonawa. Namu na cikin buhu shekara guda. Da safe na ɗaga buhun, sai ƙasa ta zubo. Gara ta cinye shi tas.

Ba zan ɓoye ba, na daɗe a gaban murhuna ina kallon toka. Wa zai gane? Amma zuciyata ta ƙi. Na ɗauki jaka na shiga gida-gida, ina roƙon ɗan ganyen da mutane ke maƙalewa a bayan ƙofa. Ga rana, ga gwiwata mai ciwo. Wannan ta ce yara sun yi wasa da nata, wancan ya ce sai matarsa ta dawo. Har la'asar abin da na tara bai taka kara ya karya ba.

Daga ƙarshe na hau keke napep zuwa Kona, wurin wata tsohuwa 'yar zumuntar matan coci. A bangon ɗakinta akwai babban ganye, an saƙa shi gicciye.

"Mama, a taimaka mini da wancan."

"A'a, 'yata. Na baban yara ne. Shi ya saƙa da hannunshi, sati uku kafin ya mutu."

Na gaji, ko bakin roƙo ba ni da shi. Na zube a dakalinta, na cire takalmi, na ce gobe sai in faɗa wa Fada babu. Ta ba ni ruwa, ta daɗe tana kallon ƙafafuna. Can sai ta shiga ɗaki ta ciro shi.

"Ɗauka. Shi ma ƙasa ya koma ai."

Da shi tokar ta samu. Ranar Laraba Fada ya ce a wannan rana, daga Roma har ƙauyen da mota ba ta zuwa, Kirista na karɓar toka irin wannan. Ni dai gyangyaɗi nake yi. Da aka tashi, Mama ta kama hannuna, ta nuna goshinta.

"Yau ba zan wanke fuska ba."

Tun ranar na gane cewa ibadar nan da duniya duka ke yi tare, a kowane coci akwai wanda ya ciro abu daga bangon ɗakinsa ya bayar, ba wanda ya sani. Buhun kuwa, a rataye yake yanzu, inda gara ba za ta kai ba.