Tatsuko da Gwiwar Inna Kikuno

Tatsuko ta haura hamsin kafin ta fara koyon maganin gargajiyar Japan, wato tsira allura da ɗan ƙunar fata da ake kira kyu, kuma duk garin Onomichi babu wanda bai yi mata dariya ba, har mai kawo mata kifi. Kafin nan dunƙulen shinkafa take sayarwa a bakin tashar jirgin ruwa, irin wanda in ka jefi kare da shi sai ya yi kuka. Hannu gare ta kamar na maƙeri. Ma'aikatan tasha kuwa haka suke son abinsu, don ba ya wargajewa a aljihu.

To, wannan hannun ta ɗauka ta kai makaranta. Allurar ba ta wahalar da ita ba: siririya ce kamar gashi, a zura ta cikin ɗan bututu, a ƙwanƙwasa da yatsa, ta shige fata. Kyu ne ya kusa sa ta tattara komatsanta. Ana tsinkar mogusa, busasshen ganyen nan da aka daka har ya koma kamar auduga, a murza shi daidai rabin ƙwayar shinkafa, a tsayar a kan fata, a kunna da turaren tsinke. In an murza sako-sako, ɗumi ne mai daɗi ya wuce. In an matse, wuta ce sosai. Ɗalibai a kan takarda suke gwadawa, kuma ta Tatsuko kullum a huhhuje take.

Malaminsu Hirooka makaho ne, da yatsa yake duba aikin kowa.

"Wa ya kawo mana rariya aji?" in ji shi. "Tatsuko, ke ce ko? Haba, wannan ba ci za a yi ba. Saki hannunki."

"Malam, ai na saki."

"Kin saki? To ranar da za ki matse ki gaya mini, in bar garin."

Sai da ta ƙona ƙafafunta, ta ƙona na mijinta har ya koma kwana da safa, sannan hannun ya yi laushi. Ta ci jarrabawa, ta mai da shagon shinkafar ɗakin magani. Direbobi da masunta suka riƙa zuwa da ciwon baya, suna fita suna cewa ai da ma sun san za ta iya. Maƙaryatan banza!

Mutum ɗaya ce ta ƙi, mahaifiyarta, Inna Kikuno. Tsohuwar ita kaɗai take zaune can saman tudu, inda mota ba ta zuwa, sai matakala. Gwiwa ta riƙe, hankali kuma ya fara tafiya yana dawowa. Noboru, ƙanen Tatsuko, ya riga ya samo mata gurbi a wani gidan tsofaffi, ya ce in damina ta wuce Inna ba ta iya sauka da ƙafarta, zai zo ya ɗauke ta. Inna kuwa ta ce sai dai a fita da gawarta.

"Yaya, ba mugunta ba ce," in ji Noboru a waya. "In ta faɗi a can, wa zai ji?"

"Ka bar ni da gwiwar nan tukuna."

"Ai ba a hannuna take ba. Je ki karɓa in kin isa."

Gaskiya ya faɗa. Mu nan, in aka ce za a sa wa yaro kyu, kowa ya san ba magani ake nufi ba. A da, yaron da ya yi ƙarya ko fitsarin kwance, danne shi ake yi a kunna masa ƙato. Ita kanta Tatsuko tana da tabo a gadon baya, aikin Inna ne, ladan satar lemo. Shi ya sa duk ranar da ta hau da jakarta, sai tsohuwa ta ja bargo ta rufe ƙafa.

"Ramuwa kika zo yi, 'yar nema. Na san ki sarai."

"Inna, wace ramuwa? Rabin ƙwayar shinkafa ne fa."

"Kuma ki kashe mini turaren nan, ban mutu ba tukuna. Matattu ake kunna wa, kai wa marigayi babanki can gaban hotonsa."

Haka suka yi ta fama, Tatsuko ta hau da haki, ta sauko da haushi. Ta yi lallashi, ta kawo alewar wake, ta kunna kyu a nata hannun Inna tana kallo. Inna ta cinye alewar tas, ta ce ita ba ta ga komai ba.

Ranar da ruwan damina ya ɗauke, Tatsuko ta same ta shiru a kan tabarma, ƙafa a miƙe, babu bargo. Ta ce a ranta yau an dace. Ta lalubo gurbin a ƙasan gwiwa, ta murza mogusa mai laushin gaske, ta tsayar, ta kunna turare. Hayaƙin na tashi, sai tsohuwar ta ƙanƙame hannuwa a ƙirji, ta runtse ido, muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya.

"Inna, ki yi haƙuri. Ba zan ƙara ba, ba zan ƙara ba."

Tatsuko ta tsaya cak da turaren a hannu. Ba da ita ake ba, da kakarta ake, wadda ta rasu tun kafin a haife ta. Tunda take, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa Inna ma an taɓa danne ta ba. Tausayi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta kashe turaren, ta ɗauke mogusar, ta ɗora tafin hannunta a kan gwiwar.

"Ba ki yi laifin komai ba," ta ce. "Babu mai ƙona ki."

Da la'asar Noboru ya kira.

"Yaya, ya ake ciki? Ta yarda?"

"Ba ta yarda ba. Ni kuma na daina tambaya."

"To kin san yadda muka yi. Ba ta sauka."

"Ba ta sauka, ni zan hau. Ka zo ran Lahadi ku ɗauko mini gadon aiki, kai da mijina."

"Tabɗi! Masu ciwon bayan ne za su hau tudun nan?"

"Wanda ya iso, rabin ciwonsa ya warke. Wanda bai iso ba ya nemi wata."

Daga ɗaki Inna ta ɗaga murya, muryarta ta kullum, tana tambayar wane mara hankali ne ya bar mata ƙofa a buɗe. Tatsuko ta ajiye wayar ta tafi rufewa.