Tulun Tumatirin Inna

Jiya jikata ta zubar da rabin gwangwanin tumatir wai an ɗauke wuta. Sai na tuna zamana a garin Dayi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai.

Ina amarya, tumatirin fadamarmu ya nuna gaba ɗaya, motar Funtua mai ɗaukar kaya zuwa kasuwa kuma ba ta zo ba. Surukata ta sa muka niƙa shi a dutse, muka dafa da gishiri har ya kafe. Ta ɗura a tulu, ta kwarara man gyaɗa a kai, ta liƙe bakin da laka.

Na ce, "Inna, ba zai ruɓe ba?"

Ta ce, "Iska ke ruɓar da shi, 'yar nan. Mai ya tare mata hanya."

Tsakiyar damina muka fasa bakin tulun. Jajawur, ƙamshi har zaure! Har yau mamaki bai sake ni ba.

Ku wace dabara kuka gani a hannun tsofaffinku?