Takalmina a Motar Malam

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka yi mini aure. 'Yata ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa a takarda, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira. Na ce a rubuta maganar motar nan tun ina tunawa, domin a unguwa kowa da yadda yake ba da labarin.

Malam, mijina, turare yake sayarwa a kasuwar Kurmi. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare, a ƙafa yake bi ta Jakara ya tafi kasuwa, a ƙafa yake dawowa. Sai da ya aurar da autarmu, gemunsa ya yi fari fat, rannan bayan la'asar ya shigo ya ce in yafa mayafi in zo in ga wani abu. Lungunmu ba ya cin mota, adaidaita ma sai ta karkace take shiga. Na bi shi har bakin titi kusa da masallaci, sai ga wata 'yar mota ja mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa.

Na ce, "Malam, wannan ta wane yaro ce?"

Ya ce, "Ta yaron da ke tsaye a gabanki."

"To ina za a zuba mutane?"

"Mutum nawa gare ni? Ke kaɗai ce kika rage a gidan."

A lokacin bai ma iya tuƙi ba, wanda ya sayar masa ne ya kawo ta ya ajiye. Wani maƙwabcinmu tsohon direba ya riƙa kai shi filin Idi da sassafe yana koya masa. Abokansa na kasuwa suka sa masa suna angon mota. In ya fito sai su ce, "Ango, yau ba a fito da amarya ba?" Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce tana hutawa.

Gyaranta ya zama masa aiki. Da farko ƙararta kamar ta jirgi, in ya tayar da ita sai limamin masallaci ya leƙo. Samari kuɗi suke biya a ƙara wa irinta ƙara, shi kuwa ya kai ta gareji aka canza salansa ta koma sai dai ka ji tana gurnani ƙasa-ƙasa. Ya sa aka ɗan ɗaga ta saboda kwatocin cikin gari. Ya kira dukawa suka yi wa kujerun riga da jar fata. Kullum da safe ya goge ta da tsohon rawaninsa, ya ɗiga turare a auduga ya saƙala a jikin madubi.

Bayanta babu wurin zaman kirki, sai dai a ajiye jaka. Dole na zauna a gaba. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa jerawa da shi a waje ba, in tafiya ta haɗa mu yana gaba ina baya, da tazara. Ranar farko na ja mayafi na rufe fuskata har muka fita ƙofar gari. Ya ce, "Hajiya, buɗe ki sha iska, duk wanda ya san mu mun baro shi a baya." Na buɗe. Ashe a gefe ɗaya na kunnensa akwai wani ɗan tabo, duk shekarun nan ban taɓa lura ba sai ran nan.

Bayan kamar shekara ya ce sai na koyi tuƙi.

Na ce, "Da tsufana? Me mutane za su ce?"

"Sun gama faɗa a kaina, ba su da saura. In mun fita na gaji, wa zai dawo da mu?"

Ni ban iya karanta abin da ke rubuce a jikin giya ba, sai ya koya mini da hannu: nan gaba, nan baya, nan tsakiya hutawa. Wannan bai ba ni wuya ba. Sitiyari ma na kama. Ƙafata ce ta ƙi. Shekara talatin ina taka keken ɗinki a tsakar gida, ina yi wa matan unguwa riguna, ƙafar ta saba da lilo, yatsu su danna, dunduniya ta danna. Da na ɗora ta a kan totur sai ta kama aikinta. Motar ta zabura, ta lafa, ta zabura, ta lafa, hular Malam ta faɗo kan cinyarsa.

Ya ce, "Hajiya, ba zani na ba ki ki ɗinka mini ba."

Dariya ta hana ni taka birki sai da ya ja na hannu. Mun yi Asabar biyar ko shida a haka, ba ta canza ba. Na ce masa a bar maganar, ƙafar tsohuwa ba ta koyon sabon abu.

A satin ne takalmina na fita ya ɓace, ƙafar dama, ɗaya tak. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan randa, har akuyar maƙwabta na ɗora wa laifi. Malam yana zaune yana jan carbi ya ce, "Allah Ya bayyana." Kwana uku bayan haka ya kwanta da zazzaɓi. Kwanansa tara. Rana ta goma da hantsi ya cika, kansa a kan cinyata. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Har yau in na ji an buɗe ƙofar zaure bayan magariba sai in gyara zama.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ban leƙa waje ba. Motar tana bakin titi an lulluɓe ta da tamfol. Da na fita aka zauna rabon gado, babban ɗana ya ce akwai wani saurayi da yake son motar, a sayar masa. Na ce ni a bar mini ita a cikin tumunina.

Ya ce, "Inna, mota ba kwalla ba ce da za a jera a ɗaki ana kallo. In ba a tuƙa ta lalacewa take. Wa zai tuƙa?"

Ba don mugunta ya faɗa ba, gaskiyarsa ce. Shi yana da tasa motar, ƙannensa ma haka, babu mai son 'yar ƙaramar mota. Amma ni na san in ta tafi, wurin da na taɓa zama kusa da Malam ya tafi ke nan.

Na ce, "Ni zan tuƙa."

Ɗan nawa ya sunkuyar da kai ya ce, "To Inna, ran Asabar mu je filin. In kin zagaya da ita lafiya, taki ce. In ba haka ba ki yi haƙuri, ba zan bar ki ki ji ciwo ba."

Na amsa, alhali na san halin ƙafata.

Ran Juma'a da yamma 'yata, wannan mai rubutun, ta kira bakaniken Malam ya zo da batir, don na motar ya mutu. Aka yaye tamfol. Da aka buɗe ƙofa ƙamshin turarensa ya fito. 'Yata ta shiga za ta tayar, ta ce, "Inna, me Baba ya sa a nan? Kujerar ta matso gaba, ga wani abu yana tokare mini ƙafa."

Bakaniken ya leƙa ya ce, "Hajiya, ai naki ne. Marigayi ya zo da takalminki ɗaya, ya ce a auna. Kafinta ya sassaƙa katako daidai dunduniyarki, ni na ɗaure shi a ƙasan totur. Ya ce ƙafarki lilo take yi, in dunduniya ta sami wurin zama yatsu kaɗai za su yi aiki."

Ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya jawo takalmin, duk ƙura. Na karɓa na zauna a bakin kwata a gaban jama'a na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi.

Da safe muka tafi filin Idi. Na sa takalman, ƙafa biyu sun haɗu. Na yi bismillah na ɗora dunduniya a cikin katakon, ta zauna daram. Ƙafar ta so ta yi halinta, ta rasa inda za ta koma. Motar ta tafi a hankali, sumul, babu zabura. Na zagaya sau ɗaya, na ƙara, na ƙara na uku, na zo gaban ɗana na taka birki. Ya zagayo ya buɗe ɗaya ƙofar, ya naɗe babbar rigarsa ya shigo da ƙyar, gwiwoyinsa na taɓa gaba.

Ya ce, "Inna, ƙara ɗaya da ni."

Motar tana nan bakin masallaci. Titi ba na hawa, ba ni da takardar tuƙi, idona ma ba kamar da ba. Duk Asabar 'yata takan kai ni filin, ta sauka ta zauna a inuwa, ni kuma in yi zagayena. Audugar da ya saƙala a madubi ta bushe tuntuni. Akwai sauran turarensa a kwalba a ɗakina, amma ban ɗiga ba tukuna, ina jin tsoron ya ƙare.