Rakiyar Ciyaman Garba

A bana Garba ya cika shekara takwas da rasuwa. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a Minna a zamaninsa ba sa bukatar in ƙara masa wani suna, in aka ce Ciyaman kowa ya san wanda ake nufi. Ni ne na gaje shi a shugabancin ƙungiyarmu ta ma'aikata, sau biyu ana zaɓena, amma har gobe in na shiga ofishinmu da ke Sauka Kahuta abin da nake ji shi ne, "Sannu da zuwa, Sakatare," wato muƙamin da na riƙe a ƙarƙashinsa. Har yaran da aka ɗauka aiki bara, waɗanda ba su san Garba ba sai a hoton da ke bango, haka suke kirana. Ban san wanda ya koya musu ba.

Na san masu karatu yabo suke jira, kuma Garba ya cancanci yabo. Amma zan faɗi abin da ke raina tun daga farko: ina kishinsa. Na yi kishinsa yana raye, na ɗauka in ya tafi abin zai lafa, sai ga shi ya ƙaru. Duk wanda ya zauna kusa da mutum irin Garba tsawon rayuwar aikinsa ya ce bai taɓa jin komai a ransa ba, ni dai ban yarda da shi ba.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki. Dukanmu a Maikunkele muke zaune a lokacin, kafin shi ya yi aure ya koma Fadikpe, kuma babur ɗina muke hawa mu shigo gari, ni ina tuƙi, shi yana baya yana gaisawa da duk wanda muka wuce. Ba yabon kai ba, na fi shi karatu, na fi shi sanin dokokin aiki. Da muka shiga harkar ƙungiya, ni ke zama in tsara abin da za a faɗa wa manya. Sai ya karɓa ya duba sama-sama, ya cusa a aljihu, ya miƙe ya faɗi maganata kamar a cikinsa aka haife ta, zaure ya ɗauki tafi. Ni kuwa ina gefe ina rubuta sunayen waɗanda suka halarta.

Abin da aka fi tuna shi da shi dai shi ne rakiya, kuma dole in yi wa matasa bayaninta. Duk lokacin zaɓen 'yan Majalisar Dokokin Jiha, 'yan takarar mazaɓarmu sukan yi layi zuwa ofishin ƙungiya. Suna da dalili, domin ma'aikaci ba shi kaɗai yake zuwa rumfar zaɓe ba, yana tafe da matarsa da ƙannensa da maƙwabcin da ke tambayarsa wa za a yi. Mu ma muna da dalili, tunda a wannan majalisa ake taɓa dokar fansho da ta ƙarin girma, kuma ɗan majalisar jiha shi ne babban da talaka zai iya tarewa a ƙofar gida. Matsalar ita ce a wancan lokaci manya ba sa son ganin ma'aikacin gwamnati tsundum a siyasa, in ka ɗaga hannun wani a fili, kana iya wayar gari an yi maka canjin wurin aiki zuwa inda mota ba ta zuwa.

Sai Garba ya samo dabara. Yakan tara 'yan takara rana ɗaya, a ba kowa ruwa, a saurari kowa, ba ya yabon wani, ba ya kushe wani. In an tashi, sai ya yi musu rakiya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kowane mai gida yake yi wa baƙonsa. Wani a bakin ƙofar zaure zai ba shi hannu. Wani ya taka masa zuwa ƙofar harabar ofis. Amma akwai mutum ɗaya da zai jera da shi, hannu a baya, suna tafe suna hira har bakin titi inda motarsa take. Ma'aikata kuwa suna tsaye a inuwa kamar ba ruwansu, kowa ya zuba wa ƙafafunsa ido. Kafin la'asar gari ya ɗauka, daga asibiti zuwa makarantu an san wanda ƙungiya take so, kuma babu mai iya cewa Ciyaman ya yi siyasa, baƙonsa kawai ya raka.

Abin da ba wanda ya taɓa tambaya shi ne yadda aka yi Garba yake sanin wanda zai raka. Ni ne nake yawon. Ni nake shiga unguwar ɗan takara in zauna da masu shayi, in ji yadda yake yi wa direbansa, in ji ko yana zuwa jana'izar talaka, in ji ko ya taɓa korar ma'aikaci don ya yi rashin lafiya. Da safiyar ranar taron sai in faɗa masa suna ɗaya. Ya ce, "To, Sule." Shi ke nan. Ni na sha ranar, shi ya yi tattakin, kuma shi ake cewa Allah ya ba shi sanin mutane.

A zaɓen farko bayan rasuwarsa ba mu goyi bayan kowa ba, jikin kowa a sanyaye yake. Da wannan zaɓen ya ƙarato, na ce lokaci ya yi da za a yi abu irin nawa. Zamani ya canza, yanzu ƙungiya tana iya fitowa fili ta ce ga wanda take so. Na ce a saurari 'yan takara, wakilai su ɗaga hannu a ƙidaya, a fitar da sanarwa da sa hannun shugaba. Ma'ajiyarmu, Madam Rifkatu, wadda iyayenta suka zo Minna daga kudancin Kaduna tun tana goye, kuma ba ta iya ɓoye magana ba, ta ce mini, "Oga Sakatare, ka rage wannan turanci. Mutanen nan ƙafa suke kallo." Na ce mata ai sai su koyi kallon hannu.

Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da ya ga yadda ake neman goyon baya yau. 'Yan takara suna zuwa da masu ɗaukar hoto, kafin ka gama miƙa wa mutum hannu an watsa hotonku a waya an ce ka bi shi. Ina jin da ya yi dariyarsa mai girgiza kafaɗa, ya ce zamanin nan ko atishawa ka yi kusa da ɗan takara sai an fassara ta. Kuma na tabbata, abin da ke ba ni haushi ke nan, da ya samo wata dabarar cikin sati guda, aka sake cewa babu kamarsa.

Ranar sauraron 'yan takara ta zo daidai da addu'ar da muke yi masa duk shekara, don haka muka gayyato matarsa, Hajiya Ladi, ta zauna a gaba. 'Yan takara biyu ne masu ƙarfi. Akwai Malama Asabe, tsohuwar malamar asibiti da ta yi ritaya, wadda ta san wahalar bin fansho da ƙafarta. Akwai kuma wani matashi ɗan kwangila da ake kira Injiniya, mai fara'a da ladabi, wanda ban same shi da wani mugun abu ba sai dai bai san komai game da rayuwar ma'aikaci ba. Aka ɗaga hannu, Malama Asabe ta yi rinjaye ba tare da gardama ba. Na karanta sanarwa, na yi mata alkawari a gaban kowa cewa ƙuri'ar ma'aikata tata ce.

Da aka tashi, na ce a raina bari in haɗa musu biyu, ga hannu ga ƙafa. Na jera da Malama Asabe, na fita ƙofar zaure, na wuce ƙofar haraba, na kai ta har bakin titi, na tsaya har ta hau keke napep. Sannan na juyo a hankali don in ga idanun da ke kaina. Babu ko ɗaya. Duk jama'a sun ba ni baya, suna kallon ɗaya gefen, inda Hajiya Ladi take takawa sannu-sannu kusa da Injiniya zuwa wajen motarsa. Ya buɗe mata ƙofa, ta shiga, suka tafi.

Kafin in koma gida maganar ta riga ni. Gidan Ciyaman ya raka Injiniya. Wasu suka ce ai wannan ta fi rakiya, tunda marigayi bai taɓa shiga motar ɗan takara ba, ga iyalinsa ta shiga. Magoya bayan Injiniya kuwa hoton shigarta motar kawai suka saki. Cikin 'yan kwanaki kan ma'aikata ya rabu, kuma rabon bai yi mini daɗi ba, don tsofaffin da ake jin maganarsu duk sun bi mota. Malama Asabe ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta tambaye ni ko maganar da na yi tana nan. Na ce tana nan, alhali na san in aka tafi a haka, ita za ta faɗi, ni kuma ba ɗan takarar da zai sake ɓata takalminsa zuwa wurin shugaban da ya ce gabas mutanensa suka yi yamma.

Na tafi Fadikpe na sami Hajiya Ladi tana tsince shinkafa a tsakar gida. Bayan gaisuwa na faɗa mata abin da gari yake ciki. Ta ajiye tiren ta riƙe haɓa.

"Wace rakiya kuma, Malam Sule? Gwiwa ce ke damuna, yaron ya ce hanyarsa ce zai sauke ni. Ni ko jam'iyyarsa ban sani ba."

Ta ce in tara su, za ta zo ta faɗa musu da bakinta. Na fito daga gidan nan raina a jagule. Shekara takwas ina riƙe da ƙungiya, na yi zaman sulhu da manya, na kwana biyu ban ga iyalina ba lokacin yajin aiki, amma yau maganata ba za ta tsaya ba sai an ɗauko mata sanda daga gidan Garba. Na yi tunanin in ƙi. Sai na tuna ba kujerata kaɗai ce cikin haɗari ba, akwai baiwar Allah da ta dogara da alkawarina, na kira taron.

Zaure ya cika fiye da ranar da aka ɗaga hannu. Hajiya Ladi ta miƙe tana dafe da kujera, ta ce ita mota ta shiga, ba siyasa ba. Sannan ta ƙara abin da ban roƙe ta ba, ban ma san ta sani ba.

"Ku da kuke ta kallon ƙafar marigayi, bari in gaya muku. Bai taɓa raka kowa ba sai wanda Sakatare ya ce masa. Shi da bakinsa yake faɗa mini, ya ce Ladi, in ba Sule, ni ban san inda zan nufa ba."

Na ce yau dai ranata ta zo, yau za su juyo su dube ni. Na gyara zaman hulata. Sai Baba Audu, tsohon direba, wanda yana cikin na gaba-gaba wajen bin motar Injiniya, ya miƙe yana share ido.

"Allahu Akbar! Kun ji Ciyaman ko? Bawan Allah nan ya iya zaɓen mutum!"

Zaure ya ɓarke da tafi. Musulmi na salati, Kirista na cewa amin, aka shiga yi wa Garba addu'a kamar yau ya rasu. Nan take aka amince a koma bayan Malama Asabe, tunda a cewarsu ita ce wadda Ciyaman zai raka da yana nan. Madam Rifkatu ta dube ni ta gefen ido, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa.

In an tambaye ni abin da ya rage na Garba bayan shekara takwas, ba zan rage masa komai ba. Ya bar ƙungiyar da har yau ɗan takara ke zuwa ya zauna ya saurari masinja da mai shara. Ya bar mutanen da masallaci da coci ba su raba su ba in aka zo maganar haƙƙin ma'aikaci. Ya bar amanar da ta kai ga gwiwar matarsa ma in ta yi ciwo sai ta girgiza mazaɓa. Wannan ba karatu ke ba da shi ba, na gwada na gani. Ni an yarda da aikina, shi kuwa shi kansa aka yarda da shi, kuma na yi shekaru ina neman inda ake samun wannan ban samu ba.

Malama Asabe ta sami ƙuri'un da na yi mata alkawari, maganata ta tsaya, ƙungiya ba ta fashe ba. Duk abin da na je nema na samu, amma da sunanka aka ba ni, Garba. Ranar da aka tona cewa ni ne nake yi maka aikin, kai aka yi wa tafi, kuma ni ma na tafa, don a kan dandamali nake zaune. Allah ya jiƙanka, abokina, ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta. Ni ma da za ka bar ni in huta, da na gode maka.