Gorar Gwaggo Selina

A layinmu na bayan masaƙar auduga, a Lankashaya ta ƙasar Turawa, ba mai agogo. Gwaggo Selina Entwistle ce agogonmu. Da asuba takan bi gida-gida da doguwar gora, ta ƙwanƙwasa tagar bene, ba ta gusawa sai ta ga fuska. Mai son a tashe shi sai ya rubuta lokaci da alli a bangon gidansa. Da wannan take ci tun rasuwar mijinta, ga ƙafafu sun kumbura suntum.

Ana haka ɗan majalisarmu ya mutu, aka sa zaɓen cike gurbi. Layinmu kaf na ɗan takarar ma'aikata ne. Motoci kuwa na masu masaƙa ne, ranar zaɓe suka ɗaura musu shuɗin ƙyalle, alamar nasu ɗan takarar, suna kwasar mutane kyauta. Mu da ƙafa muke zuwa, ko ana ruwa, don a san ba a saye mu ba.

Rumfar zaɓe tana kan tudu. Selina ta dubi tudun, ta dubi ƙafafunta, ta shige mota. Har da ɗaga mana hannu, baiwar Allah, ita da ba ta taɓa hawa mota ba.

Namu ya sha ƙasa, da ratar da Selina dubu ba za su cike ba. Amma wa zai iya zagin mai masaƙa? Selina kuwa ga ta kusa. Washegari ta tarar an goge alli daga kowane bango. Har yau abin yana ƙona mini rai.

Ta tare maƙwabcinta Wilfred Tattersall, wanda take tashi tun yana saurayi.

"Ɗan nan, na rantse naku na zaɓa."

"Ashe har mai motar kika cuta, Gwaggo. Je ki tashe shi, ai shi ma yana da taga."

Ba ta daina fitowa ba, tana tafe tana duba bangaye. Ran nan ta ga alli a bangon Wilfred. Ta zo da rawar jiki cikin ruwan sama, ta ɗaga gora, ta ƙwanƙwasa. Taga ta buɗe, ya miƙo sabon agogo yana ta ƙara.

"Gwaji nake, in ga wa zai riga wani," in ji shi. "Ya riga ki."

Ya rufe tagarsa.