Ranar da Kwamared Tanko Ya Kai Tuwo Rumfar Mota

Ku da kuka zo Doha a 'yan shekarun nan kun tarar da abu a gyare, kuna tsammani haka aka halicce shi. Kuna shiga falon ƙungiyarmu ta Hausawa a unguwar Mesaimeer bayan sallar Juma'a, likita da direba hannu a faranti ɗaya, injiniya yana miƙa wa mai gadi yaji, babu mai ganin abin mamaki. To, da ba haka ba ne. Da falo na masu takardu ne: likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a, da irina tsofaffin tafintoci da ake lallaɓawa saboda furfura. Masu gadi da direbobi kuwa rumfar mota ce wurinsu, su shimfiɗa kwali su zauna, suna jiran mu ƙoshi a fito musu da ragowa. Ba su da ƙuri'a, ba su da bakin magana a taro. Wanda ya rushe wannan tsari shi ne marigayi Kwamared Tanko, injiniyan ruwa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tace wa gari ruwa amma ko alwala ba ya yi.

Waɗanda suka san shi, na san kun fara murmushi. Abin da kowa ke fara lura da shi game da Kwamared shi ne maganarsa ba ta da wutsiya. Ka ce masa, "Kwamared, za ka zo gobe?" Sai ya ce, "Zan zo." Shi ke nan. Kai kuma ka tsaya kana jiran sauran, kamar wanda aka ba shayi babu sukari.

Wata rana na gaji na ce, "Haba Tanko, ka ce in sha Allahu mana, ai ba ta cizo."

Ya ce, "Malam Yusha'u, a garin nan duk ofishin da aka ce min in sha Allah, na san takardata ta kwana. Ni zan zo."

Washegari kuwa shi ya buɗe ƙofa, mu masu in sha Allahu muka zo muna goge zufa muna ba da haƙuri.

Ni dai na yi yawo. Aikin tafinta ya kai ni Khartoum, ya kai ni Alƙahira, na yi sanyi a Faransa har ƙasusuwana suka yi ƙara. Na ga marasa addini iri-iri. Na Faransa da taƙama yake yi, kamar wanda ya sayi sabuwar hula yana so kowa ya tanka. Na Masar a kunne yake raɗa maka, yana waiwaye. Namu kuwa Bahaushe ne har ƙashi. Bai yarda akwai lahira ba, amma bai taɓa fashin zaman makoki ba. Ya san inda yake zaune, ba ya tallar ra'ayinsa a titi, kuma ban taɓa jin ya zagi addinin kowa ba. Idan ka tambaye shi dai, ba zai yi maka ƙarya ba. Zai ce, "Na duba iyakar dubawata, ban gani ba. In kai ka gani, madalla, riƙe da kyau. Miƙo min gishirin nan."

Ga maƙo! Kai, Kwamared! Jakar ganyen shayi guda ɗaya sai ya yi ta tsoma ta, ya rataye ta ta bushe, ya sake tsomawa, har sai ta yi fari fat kamar ta ga fatalwa. Na ce masa, "Kai da kake faɗa a kan haƙƙin ma'aikata, wannan ai zalunci ne." Ya ɗaga ta ya dube ta da tausayi, ya ce, "Ita kaɗai ce ma'aikaciyar da nake bautarwa, kuma ta kusa ritaya."

Motarsa kuwa, a garin da yara ke canza mota kamar riga, ita ce abin kallo. Sunanta Talaka. Ƙofar baya sai an ɗaga an tura da kafaɗa. A cikinta yake zuwa unguwar Najma duk Juma'a, inda masu gadinmu ke cunkushe a ɗakunan haya, ya tsaya yana danna ƙaho: "Yalla, yalla, ku yi sauri, za ku rasa huɗuba!"

Habu, wani dattijon mai gadi ɗan wajen Gumel, mai haƙuri da dariyar shaƙiyanci, ya taɓa ce masa, "Baba Kwamared, kai da ba ka yi, me ya dame ka da makararmu?"

"Ni ban yi alƙawari da kowa ba," in ji shi. "Ku kuka ce kuna da ganawa da wanda ya fi kowa girma, kuma ku je a makare? Ko kafil ɗinku, ubangidan da ya kawo ku aiki, ba ku yi wa haka. Shiga mota, ɗan'uwa!"

Kowa ɗan'uwa ne a bakinsa. Ranka ya daɗe ba ta cikin kayan miyarsa, kuma wannan ya fi komai ƙona ran shugaban ƙungiyarmu na lokacin, Alhaji Mudi, babban ɗan kwangila, mai zobe a yatsa da turare mai riga shi shiga ɗaki. Alhaji yana Doha amma ransa yana siyasar gida. Duk zama sai ya ce mana, "Jama'a, a zaɓi mai tsoron Allah, mai kishin addini, wanda zai tsare mana tarbiyya."

Kwamared ya kurɓi farin shayinsa ya ce, "Ɗan'uwa Mudi, mai tsoron Allah sai ya mutu za a yi masa hisabi. Ni mai tsoron talaka nake nema, don shi ranar zaɓe yake hisabi."

"Wa'iyazu billahi! Tanko, kai fa wuta za ta ci ka."

"To ka ga ko can ma za a nemi injiniyan ruwa."

Sau ɗaya tak ya faɗa mini asalin abin, muna tafiya a bakin teku da yamma. A ƙauyensu wani ɗan siyasa ya gina masallaci mai hasumiya, aka rubuta sunansa a jikin bango da manyan baƙaƙe. Asibiti kuwa babu. Mahaifiyarsa a kan hanyar birni ta cika, a bayan a-kori-kura, shi yana riƙe da kanta. Da aka zo gaisuwa, ɗan siyasar ya ce a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ya ce mini, "Tun ranar nake lura. Wanda ya ci rabonka shi ne ya fi kowa iya wa'azin haƙuri." Ni ma na gani da idona a ƙasashen da na zauna. Can gicciye suke ɗagawa, can wani abin daban, mu nan carbi. Maganar dai ɗaya ce: talaka ya yi shiru, mace ta koma ciki, laifin duka na baƙo ne. Ni ban bar sallata ba saboda wannan, amma na daina saurin tafa wa mai rantsuwa.

Yanzu ga kuskuren da muka yi da hannunmu. Tunda Kwamared ba ya salla, sai muka ga ai ga ɗan aike ya samu. Idan ya sauke masu gadi a masallacin da ke kusa da gidan ƙungiya, shi ke zagayawa gidajen matanmu a unguwar Al Mirqab ya ɗauko tukwanen abinci, kafin mu idar ya kawo. Muka miƙa wa mai ra'ayin talakawa tukunya, muka shiga masallaci muka rufe ido!

A tsakiyar wata bazara, irin wadda in ka taɓa ƙarfen ƙofa sai ka yi salati, na'urar sanyaya ɗakin su Habu ta mutu, kamfaninsu ya yi kunnen ƙashi. Ba sa iya barci, har ɗayansu ya yanke jiki ya faɗi a bakin aiki. Abin da Habu yake so kaɗan ne: a bar shi ya tsaya a taro ya yi bayani, ƙungiya ta tura masu jin Larabci da Turanci su yi magana da kamfanin. Alhaji Mudi ya ce, "Ba wannan makon ba, muna da babban baƙo. Kuma ai mamba ne kawai ke magana a taro."

Babban baƙon wani Sanata ne daga gida, ya biyo ta Doha yana neman goyon bayan mazauna waje. Matanmu suka yi bajinta: tuwon shinkafa, miyar kuka da man shanu da aka yi guzurinsa tun daga gida, ga rago guda an gasa. Bayan salla muka cika falo, sanyi yana busawa, Sanata ya miƙe cikin babbar riga mai aska ya yi jawabi. Muryarsa har rumfar mota. Ya ce abokan hamayyarsa 'yan boko aƙida ne masu son lalata mana 'ya'ya. Ya ce mu kuwa addininmu ya riga ya gama komai, a sahu babu babba babu ƙarami, kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa. Aka yi kabbara. Aka zauna. Aka wanke hannu.

Shiru, babu abinci.

Ƙamshin man shanu dai yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Alhaji Mudi ya fita a fusace, muka bi shi, har da Sanata da mai ɗaukar masa hoto. Me za mu gani? An shimfiɗa leda a rumfar mota, an jera farantai, rago yana tsakiya. Masu gadi da direbobi sun kewaye, babu wanda ya sa hannu. Kwamared yana zaune a kan kwali yana fifita da jarida.

"Tanko! Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Abinci na kawo inda jama'a suka fi yawa, ɗan'uwa. Na ƙirga takalma."

"Ka san wanda ke tsaye a nan kuwa?"

"Na ji shi sarai. Ya ce kafaɗa da kafaɗa. Ni ba na shiga sahu, ban san yadda ake yi ba, shi ya sa na ce bari in gani da idona." Ya matsa gefe ya daddaɓa kwalin. "Bismillah, ɗan'uwa Sanata. Haka kuke cewa, ko?"

Jama'a, wayoyi sun riga sun tashi sama! Direbobi suna ɗauka, mai hoton Sanata ma da ya rasa abin yi yana ɗauka. Mutumin da ya gama wa'azin sahu yanzun nan, ta ina zai ce ba zai zauna da mai gadi ba? Sanata ya yi wani murmushi irin na mai ciwon haƙori, ya tattare babbar riga, ya durƙusa a kan kwali kusa da Habu. Habu kuwa, ɗan duniya, ya yago cinyar rago ya ajiye masa a gaba ya ce, "Ranka ya daɗe, a ci da zafinsa. Nan komai da zafi muke ci."

Kafin a kai loma uku zufa ta jiƙe aska, hula ta karkace. Sai wata likitarmu, Dakta Rabi, ta leƙo daga ɓangaren mata ta ce, "Wallahi in wani ya faɗi ba ni zan ɗauka ba. Ku shigo da abincin ciki!"

Alhaji Mudi ya ce, "Yauwa, a shigo da shi."

Kwamared ya dafa murfin tukunya ya ce, "Tuwo ba ya tafiya shi kaɗai."

Haka aka shiga, kowa da kowa, aka matsu a falo gwiwa na gugar gwiwa. Da aka ƙoshi, Habu ya miƙe. Alhaji ya buɗe baki zai ce mamba, ya dubi Sanata, ya dubi wayoyi, ya mayar da bakinsa ya rufe. Habu ya yi bayaninsa a tsanake, ya ƙare da cewa, "Zafin da kuka ɗanɗana a rumfa, a cikinsa muke kwana." Sai Kwamared ya ce tunda ga kowa a zaune, a ɗaga hannu: wa ya yarda duk wanda ya ci tuwon nan mamba ne mai ƙuri'a? Hannuwa suka tashi, duk man shanu yana ƙyalli. Sanata ma ya ɗaga, shi da ba mamba ba! Alhaji Mudi ya ɗaga nasa a ƙarshe, rabi-rabi, kamar mai ciwon kafaɗa.

A satin ni da Dakta Rabi da Habu muka je kamfanin, na zuba musu Larabcin da na adana tun Alƙahira. Aka sa sabuwar na'ura. Da zaɓen ƙungiya ya zo, Habu ya shiga kwamiti da ƙuri'un da suka fi na kowa, kuma abin da ya fara kawowa shi ne a saya wa Kwamared kwalin shayi. Ya karɓa, ya yi godiya, ya ci gaba da tsoma tsohuwar.

Da ciwo ya kwantar da shi, masu gadin nan ne suka riƙa karɓa-karɓa a gefen gadonsa, wannan ya tashi aiki ya zo, wancan ya tafi. Alhaji Mudi ma ya zo, ya zauna yana ta juya zobe. Na riƙe hannun Kwamared na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Tanko." Ya buɗe ido ya ce, "Na gode, Malam. Amma ka faɗa wa likita ma, kada ya ce ba a sanar da shi ba." Na tambaye shi yadda yake so a yi in ta faru. Ya ce, "Ku yi abin da zai kwantar muku da hankali. Ni ba na nan."

Malamai suna da maganarsu a kan irinsa, na sani, kuma ban isa in yi musu gyara ba. Ni dai tsoho ne da ya rasa aboki. Ya Allah, kai ka halicci Tanko da taurin kansa, ka san abin da ya gani a bayan a-kori-kurar nan, ka san wanda ya kai bayinka masallaci a kan lokaci ya kuma shigo da su inuwa. Mun bar maka shi, kai ka fi mu saninsa, kuma ka fi mu tausayi. Ka ba iyalansa haƙuri, ka ba mu rabin gaskiyarsa.

Rumfar mota yanzu motoci ne kawai a cikinta. Tun daga ranar tuwon nan babu wanda ya sake cin ragowa a gidan ƙungiyarmu.